Doyar La'asar ta Inna

Ranar da likita ya ce Inna tana da hawan jini, ya rubuta mata ƙwayoyi, ya kuma ce ta rage gishiri da soye-soye. Ƙwayoyin ba su dame ta ba. Muna cikin mota daga Talata Mafara za mu koma Dakko ta dube ni ta ce, "To ɗiyata, doyar ma an raba ni da ita ke nan?"

Sai wanda ya san matsayin doya a wurinmu zai gane nauyin wannan tambaya. Doya baƙuwa ce a ƙasar Bakura da Maradun. Ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, shinkafa da dankali ya fi ba mu. Ita doya daga Neja da Binuwai take tasowa, daga kasuwanni irin ta Zaki Biam, kuma kuɗin mota da fargabar hanya duk suna cikin farashinta kafin ta iso kasuwar Talata. Abin marmari ce, ta baƙo da ta buɗa-baki. Hana wa tsohuwa ita ba ƙaramin abu ba ne.

Da na zauna na lura, sai na ga laifin ya fi yawa ga yadda muke suyar. Mukan zuba ɗanyar doya jiƙe da ruwa cikin man da bai yi zafi ba, mu cika kasko maƙil, man ya ƙara hucewa. Doyar sai ta kwanta tana shan mai, ta fito laɓe-laɓe. Idan kuwa man ya yi zafi sosai, ruwan da ke jikin doyar yakan zama tururi ya yi ta fitowa, shi ne kumfar da ake gani, kuma wannan tururin ne ke tare mai daga kutsawa ciki yayin da bayanta ke yin ƙamas. Ashe abin da ke sa ta ƙurus-ƙurus shi ne kuma ke rage mata maiƙo.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan yanka ta da kaurin yatsa, in tafasa ta kamar minti biyar da ɗan gishiri kaɗan, in tsane ta a kwando har tururin ya fita ta bushe. Nakan gwada man gyaɗa da yanki guda: in ya yi cuu nan take, ya isa. Sai in soya kaɗan-kaɗan, in kwashe cikin matsami da wuri, domin lokacin hucewa ne doya ke janye man da ya rage a jikinta. Man da ya yi baƙi don maimaita suya kuwa na daina ajiye shi.

Suya dai suya ce, ba ta zama magani ba. Doya tana da sinadarin fotashiyam da harza, amma sitacinta na da yawa, don haka mai ciwon sukari ya kula da awo. Inna yanka biyar take ci ranar Juma'a, da tumatir da albasa da yajin ƙuli marar dunƙule, tana kuma shan maganinta.

Ranar farko ta gutsura, ta saurari ƙarar da ta yi a bakinta, ta ce, "Allah Ya yi miki albarka. Amma yajin nan salam yake." Ban ƙara gishirin ba, ita ma ba ta bar ko yanka ɗaya ba.