Shari'ar Wata Waya a Lafiyan Barebari

Ran wata Juma'a ta ƙarshen damina, bayan na idar da sallar asuba a Keffi, na kama hanyar Lafiya domin halartar ɗaurin auren 'yar wani aminina, a cikin tsohuwar motata 'yar Kwatano, wadda ta daɗe tana ɗawainiya da ni cikin amana. Har Akwanga lafiya lau. Amma da na shiga duwatsun Eggon, inda hanya take hawa tana gangara tana karkata, sai injin ya yi shaƙuwa sau biyu, fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabana, kana a Nasarawa Eggon motar ta mutu murus, sai da na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi. Haka na lallaɓa ta, bakina bai rabu da istigfari ba, na wuce Shabu, har Allah ya kai ni Lafiya da hantsi.

Wannan gari, wanda Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa, kuma ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa da aka yanke daga Filato a 1996, ya tarbe ni da tulin doya da buhunan riɗi da agushi a bakin titi, amma hankalina duk yana ga neman gareji, har na sami wani a kan hanyar Makurdi.

Wani saurayi ya soka na'urar bincike a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, irin kafar da hukuma ta wajabta wa motocin Amurka tun daga na 1996, sai ga rubutu ya fito: P0340. Nan take ya ce, "Alhaji, sansar kamshaf ce ta mutu, a sayo sabuwa." Har na sa hannu a aljihu, sai ogansa, wani dattijo mai wayarin, ya taso daga kan benci ya ce, "Ranka ya daɗe, dakata tukuna. Na'urar nan ƙara ta kawo, ba ta yanke hukunci ba."

Na ce, "Malam, fahimtar da ni."

Ya bayyana mini cewa kamshaf shi ne sandan da ke buɗe bawul yana rufewa, yana juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu, ita kuwa sansar aikinta ta riƙa sanar da ƙwaƙwalwar mota inda sandan ya kai, domin a san silindar da za a fesa wa mai a ba ta wuta a daidai wa'adinta. Idan labari ya yanke, sai ƙwaƙwalwa ta shiga lalube, tashi ya yi wuya, injin ya riƙa mutuwa. Amma lambar, in ji shi, abin da take nufi shi ne an sami matsala a da'irar baki ɗaya, watau ko sansar, ko soket ɗinta, ko wayoyin da suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa, har ma batir mai rauni yakan jawo ta. Da na ji haka sai na tuna karatunmu na fiƙihu a zaure, inda malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya sha nanata mana cewa da'awa daban, bayyina daban, kuma alƙalin da ya hukunta wanda ake tuhuma tun bai saurari shaidu ba ya yi zalunci ko da ya dace da gaskiya. Wallahi ban zaci zan tarar da wannan ƙa'ida a hannun mai baƙin mai ba, kuma ganinta ya faranta mini rai ƙwarai.

Ya fara da batir, ya same shi da ƙarfinsa. Ya zare soket ya duba ko mai ko tsatsa sun shiga, babu. Sa'an nan ya ɗauko mita ya bi wayoyi ukun ɗaya bayan ɗaya: ta wuta ta nuna volt 5 cif, ta ƙasa lafiya, saura ta saƙo. Ya sa yaron ya tayar da injin, shi kuma ya riƙa girgiza damin wayoyin a hankali, tun daga sansar yana bi da yatsa, har ya kai wani lungu a bayan injin, inda yana taɓawa motar ta mutu. Da ya kware baƙin tef ɗin, sai ga wayar ta goge a jikin wani ƙarfe, jan tagullarta a fili, ashe duk sa'ad da gargada ta jijjiga injin sai ta taɓa ƙarfen, saƙo ya ɓace a hanya.

Ya yanke, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya ɗaure damin nesa da ƙarfen, ya goge lambar, muka zaga har Shabu muka komo ba ta sake fitowa ba. Ya dubi yaron ba tare da tsawa ba ya ce, "Gobe ka auna kafin ka aiki mutum kasuwa." Na biya shi ladan aikinsa na ƙara masa da addu'a, na wanke hannuwana da ruwan butarsa, na nufi masallacin Juma'a na ƙofar fada ana kiran sallar farko.