Ɗakin da ya ƙi komawa ciki

Wanda bai taɓa kwana a Wudil ranar Alhamis ba bai san garin ba. Tun la'asar tireloli ke jeruwa a gefen titin Kano zuwa Maiduguri, suna jiran shanun da za a loda a kara ranar Juma'a a yi Kudu da su. Garejin da na yi wata huɗu na SIWES bayan ND I yana nan kafin gada, kuma aikinmu kusan duk na waɗannan motoci ne: birki, sifirin, ƙofar baya da sa ya banka ta lanƙwashe. Ni dai aikina wanke noti da fetur da miƙa sifana. Sunana a wurin Ɗan Boko, har almajirin da ke kawo mana ruwa haka yake kirana.

Wata Alhamis cikin hunturu aka jawo mana abin da ba wanda ya taɓa gani a garejin. Ƙaramar tirela ce mai gado da kicin a ciki, irin wadda mutanen Amurka ke ɗaurawa a bayan mota su tafi daji hutu. Wani Alhaji mai sayar da maganin dabbobi ya saye ta ta hanyar Kwatano, ya cire gadon, ya mai da ita shagon tafi-da-gidanka. A gefenta akwai ɗaki guda da ke zamowa waje kamar durowa idan an danna maɓalli, shagon ya ƙara faɗi. To ɗakin ya fito rabi ya karkace, ya ƙi gaba ya ƙi baya. A haka ba ta hawa babban titi, ga magani na kuɗi masu yawa a ciki, wani ma bashi ya ɗauko, ga kasuwa gobe.

Na shiga ƙarƙashi da fitilar waya. Abin da na gani ya sa na yi dariya ni kaɗai, don zanen da muka sha wahalarsa a aji ne, yau ga shi da tsatsa. Dogayen ƙarafa biyu masu haƙora ke ɗauke da ɗakin, ɗaya a kowane gefe. Ƙaramar mota mai aiki da batir na volt 12 tana juya giya a gefe ɗaya, wani sandan ƙarfe kuma ya kai juyin ga giyar ɗaya gefen, don su tafi tare. Abin da ya haɗa sandan da giyar 'yar ƙusa ce, ita ce ta karye. Gefe ɗaya na tafiya, ɗaya na tsaye, dole ɗaki ya karkace.

Oga ya leƙo ya ce a kawo injin walda a liƙe giyar da sandan, a huta. Nan gabana ya faɗi. Duk wanda ya zauna a gareji ya san yaro ba ya gyara wa maigida magana gaban mai mota. Na bari sai da Alhaji ya tafi alwala, sannan na matsa na ce, "Oga, Allah ya ƙara girma, kamar ƙusar nan da gangan aka yi ta da rauni. Idan nauyi ya yi yawa ita ke karyewa don giya ta tsira, kamar fis a waya. In muka yi walda, gobe haƙoran giyar ne za su zube, kuma ko Ƙofar Ruwa ba na jin za a samu irinta." Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To me ya karya ta?"

Wannan tambayar ita ce aikin. Wani ya lafta wa haƙoran giris, ƙurar hunturu ta hau kai, abin ya zama kamar kwaɓaɓɓen yashi. Alhaji kuma ya jibge katan-katan na magani a cikin ɗakin mai zamowa, sannan ya buɗe shi a ƙasa mai gangara. Batir ɗin ma da na sa mita bai kai 12 ba, alhali cikakke yakan nuna wajen 12.6.

Muka sauke kaya, muka sa jak muka daidaita tirelar, na wanke haƙoran da kalanzir da tsohon buroshi. Da tef na riƙa auna gefe da gefe, yara biyu na turawa a hankali, har tazarar ta zo daidai, sannan muka zura noti mai laushi daidai girman ramin. Da aka juya da hannu, Oga ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Wai ya ji wani abu na gurzawa. Wallahi ni ban ji komai ba, kuma babu littafin da zai koya maka wannan kunnen. Ashe ɗaya daga cikin ƙananan tayoyin da ɗakin ke gangarawa a kansu ya cinye ta gefe ɗaya. Ya aika aka samo boris na babur, ya yi masa 'yan dabaru ya zauna cif.

Ana kiran isha'i ɗakin ya shige, ya fito, ya sake shigewa. Alhaji sai da ya danna maɓallin sau biyar kamar yaro da sabon abin wasa. Na roƙe shi kada a sake sa giris, a riƙa share haƙoran kawai, kuma a sauke kaya masu nauyi kafin a danna. Washegari Oga ya miƙo min logbuk ɗina, a karon farko ya sa na karanta masa abin da na rubuta kafin ya sa hannu, har ya ce in ƙara maganar boris ɗin.

Yanzu furojet ɗina a kan irin wannan tsari yake, rumfar mai shayi da ke zamowa daga jikin keken guragu, da hannu ake juyawa ba batir. Giya guda ce ta rage min. Duk wanda ke da mataccen injin markaɗe a gida, ya neme ni a wokshof bayan azahar.