Mako Guda da Tambayar Gado

Litinin, Kabara
Na duƙufa kan binciken da Susan Bergeson ta Jami'ar Texas da abokan aikinta suka fitar a 2006. An daɗe ana kiwon ɓeraye iri biyu a ɗakunan bincike, masu rububin barasa da masu gudunta. Kowane ɗaki yakan auna ƙwaƙwalwar nasa ɓerayen, ya ga ƙwayoyin gadon da ke aiki tuƙuru da waɗanda suka yi lakwas, amma sakamakon ɗaki ɗaya bai isa a kafa hujja da shi ba. Sai suka yi abin da matan unguwarmu ke yi da adashe: kowa ya zuba nasa, ya zama jari. Ƙwayoyin gado sama da 3,800 suka bambanta tsakanin ɓangarorin biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ɓerayen da aka auna ba su taɓa ɗanɗana barasa ba.

Talata
Binciken tagwaye: gado na ɗaukar kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya. Sauran rabin yana wajen abokai, damuwa, zaman banza da sauƙin samun kayan.

Laraba
Bayan Magariba wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama, tana ta murza bakin mayafinta. Ta tsinci kwalaben kodin a ƙarƙashin katifar ɗanta.
"Malam, ubansa ma haka ya ƙare. A jini abin yake?"
Na ce, "Inna, ana gadon rauni, amma ba a yanke masa hukunci ba. Ciwo ne, kuma yana da magani."
Ta yi shiru, sannan ta ce kunya ce ta hana ta faɗa wa kowa.

Alhamis
A nan Kano giya ba ita ce babbar damuwarmu ba. Kodin da tiramol ne. An hana maganin tari mai kodin a 2018, bayan rahoton BBC, amma bai ɓace ba. Hanta ce ke mayar da kodin mofin ta hanyar sinadarin CYP2D6, kuma wasu sun gaji mai saurin aiki fiye da kima. A Habasha kusan mutum uku cikin goma haka suke. Shi ya sa kwalba ɗaya ba ta yi wa mutum biyu aiki iri ɗaya. Yana mini ciwo cewa yawancin jinin da aka yi manyan binciken gado da shi na Turawa ne. Asibitin Aminu Kano da Jami'ar Bayero na iya haɗa ƙarfi da Zariya da Sakkwato mu yi namu.

Juma'a
Ana ta bandiri a Gidan Kadiriyya, ni kuwa fargaba ta kama ni. Tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin aure a Kano, kuma na goyi bayanta. Amma sikila ƙwaya ɗaya ce, ana ganinta a gwaji. Jarabar shaye-shaye ƙwayoyi ne birjik, kowace da ɗan tasirinta, babu gwajin da zai nuna wanda zai kamu. Kada a wayi gari ana hana yarinya aure don kakanta mashayi ne.

Asabar
Inna ta aiko jikarta: yaron ya yarda ya ga likita. Litinin da safe zan raka su asibitin Dawanau.