Mabuɗin Ɗakin Zaure



Makon jiya muka taru a gidanmu na Zangon Sekondi don kwashe kayan Inna, Allah Ya ji ƙanta. A bayan ƙofar ɗakinta muka tarar da wani mabuɗi rataye a ƙusa, duk ya yi tsatsa. Yaranmu suka ce a jefar. Mu manya kuwa shiru muka yi, don mun san na ɗakin zaure ne, mun kuma san ranar da aka fara rataye shi.

Wanda bai tashi a Sekondi ba, bari mu ɗan nuna masa garin yadda muka same shi. Ba agogo ke tashinmu ba, kukan jirgin ƙasa ne da kiran assalatu. In mun taso daga makarantar allo sai mu gangara bakin teku, ƙarƙashin tsohuwar ganuwar Turawan Holan da ake kira Fort Orange, wadda fitilar samanta ke yi wa jiragen ruwa jagora. Can muke taya masunta Fante jan taru, su sallame mu da amane biyu ko uku, mu kawo gida a soya a ci da dokunu. Ranar Talata ba sa fita teku, sai gyaran taru a inuwa, mu ma ranar ba mu da kasuwa. An sha zane mu a kan zuwa ruwa, amma ko sau ɗaya ba mu ga an mayar da kifin ba.

A ɗakin zaure akwai wani dattijo da muke kira Baban Zaure. Ba danginmu ba ne, amma ya riga iyayenmu zama a gidan. Daga ƙasar Kano ya zo yana saurayi, ya biyo fataken goro har Kumasi, daga nan ya gangaro da jirgin ƙasa, don tun 1903 layin dogo ya haɗa Sekondi da Kumasi. A bakinsa muka fara jin tarihin garinmu, tun kafin mu gan shi a littafi. Ya ce da ya iso, manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa, can nesa suke tsayawa, sai matuƙa su yi ta dakon buhunan koko a kwale-kwale suna kokawa da igiyar ruwa. In ta kifar da su, shi ke nan, buhu ya tafi, wani lokaci har da mai shi. Wannan ne ya sa Gwamna Guggisberg ya dage a gina tashar jiragen ruwa mai zurfi a Takoradi, aka buɗe ta a 1928. Baban Zaure yana cikin leburorin da suka ɗauki duwatsun da aka tare teku da su. Yakan nuna mana kantar kafaɗarsa ya ce, "Ga takardata nan." Dariya muke yi, ba mu san me yake nufi ba.

Tun daga nan Takoradi ta fara janye wa Sekondi arziki. An haɗa garuruwan biyu a 1946, amma duk ɗan Sekondi ya san wa ke cin nama, wa ke tauna ƙashi. Abin da ya rage mana shi ne ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, inda Baba yake aiki, sai taragun da muke ƙirgawa: manganis daga Nsuta, boksait daga Awaso, da gungumen katako waɗanda mutum uku ba sa iya rungumar ɗaya.

Labarin da ya fi so shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Turawan Ingila suna kawo jiragen sama a cikin akwatuna, a sauke a tasha, a harhaɗa su a Takoradi, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Ya ce duk wanda ya ga ya tashi sai ya ɗaga masa hannu ya ce ya gaida gida. Abin da ya taka wata da watanni, ƙarfe zai yi shi kwana biyu. Shi kuwa tunda ya fito bai koma ba. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya, autocinsa su ne abokan wasanmu, Fante ma ya fi zama a bakinsu bisa Hausa.

Sai ga Nuwamban 1969. Gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasa. Wace takarda ce a hannun mutumin da ya shigo da ƙafa tun ba a raɗa wa ƙasar suna Gana ba? Gidanmu ya tsira saboda Kaka Badagomba ce, Baba kuma ma'aikacin reluwe ne mai takardu, ba don mun fi su zama 'yan gari ba. Mun ga ana sayar da keken ɗinki da gadon ƙarfe a kuɗin da bai kai na tabarma ba. Wasu maƙwabta sun yi kuka, wasu sun yi ciniki, akwai kuma waɗanda suka haɗa duka biyun.

Baban Zaure bai sayar da komai ba. Ya kulle ɗakinsa, ya miƙa wa Kaka mabuɗin ya ce, "Yaya, ki riƙe min, in ƙura ta lafa za mu dawo." Muka bi motarsu da gudu har kwanar titi. Wasiƙa ɗaya ta zo daga Agege bayan shekara guda, daga ita ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Duk Juma'a Kaka kan buɗe ɗakin ta share ta mayar ta kulle. Gidan ya cika, mu samari muna kwana huɗu-huɗu a tabarma, mun roƙa, mun yi fushi, ta ce amana ba ta tsufa. Da ta rasu, mabuɗin ya koma bayan ƙofar Inna, shara ta ci gaba. Gaskiya mun daɗe muna ganin abin wauta ne.

Yanzu ga inda muke. Tun da aka fara haƙo mai a tekunmu a 2010 fili ya yi tsada, kuma wani ya taya gidan da kuɗin da zai kai yaranmu jami'a. Rabinmu sun ce a sayar, kuma ba mu ga laifinsu ba, rufin yana yoyo, iskar teku ta cinye kwanon. Malamin da muka tambaya ya ce ɗakin namu ne, tunda aro aka ba shi, amma kayan ciki haƙƙin magadansa ne.

Ranar Asabar muka zuba wa kwaɗon man ja har ya buɗe. A ciki akwai adaka ɗaya, da buzu, da allo, da ƙugiyar ƙarfe ta jan buhu, da takalmin roba na yaro, ƙafar hagu kawai. Babbar yayarmu ta gane shi nan take, ta ce ɗaya ƙafar a bakin teku ta ɓace, tare suke ranar.

Ba mu buɗe adakar ba. 'Yan uwa na Agege da Kano, in akwai dattijo ko dattijuwa a unguwarku da aka haifa a Zangon Sekondi, mai jin Fante, wanda mahaifinsa ya yi dako a tashar Takoradi, don Allah ku tambaye shi ko ya tuna gidan da ke da bishiyar kwakwa biyu a ƙofa. Mun roƙi mai sayen ya jira mu zuwa bayan Babbar Salla, ya amince.