Leƙen Atisayen Abokin Karawa: Daga Shingen Derby Zuwa Filayen Bagudo

Ranar Alhamis 10 ga Janairu, 2019, aka kira 'yan sandan Derbyshire da ke Ingila aka ce musu ga wani mutum can yana ta kai-kawo a bayan shingen filin atisayen Derby County. Da suka je suka bincika, ashe ma'aikacin Leeds United ne, ƙungiyar da Derby za ta kara da ita washegari. Ba su tsare shi ba, domin bai taka dokar ƙasa ba. Washegari Leeds ta lallasa Derby da ci 2-0, kuma tun kafin a take ƙwallo kocin Leeds, Marcelo Bielsa, ɗan ƙasar Ajantina, ya fito a talabijin ya ce shi ya aiki mutumin.

Kwana biyar bayan wasan ya tara 'yan jarida, ya shafe fiye da awa ɗaya yana nuna musu bayanai a allo. Ya ce ba Derby kaɗai ba, duk ƙungiyar da suka buga da ita a wannan kaka sai da ya sa aka leƙo atisayenta. Ya baje nazarin da ma'aikatansa suka yi wa wasanni 51 da Derby ta buga a kakar baya, don ya nuna cewa tun kafin leƙen ya riga ya san abin da ke cikin tukunyarsu. Ƙungiyoyi 11 suka kai ƙara. A watan Fabrairu hukumar gasar, EFL, ta ci Leeds tarar fam 200,000, Bielsa ya biya daga aljihunsa. Laifin da aka kama su da shi shi ne saɓa wa sharaɗin mu'amala da juna bisa gaskiya da kyakkyawar niyya, domin a lokacin babu wata doka da ta ambaci leƙen atisaye. Sai daga baya aka rubuta ta: ba a yarda kowa ya kalli atisayen abokin karawa ba a cikin awa 72 kafin wasa.

Wanda ya taso a ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi zai ji wannan labari ya yi mamaki, kuma yana da hujja. Daga Bagudo zuwa Kaoje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, filin ƙwallo yawanci filin makarantar firamare ne ko wani fegi a bayan gari. Babu shinge, babu mai gadi. Da la'asar sakaliya 'yan wasa na zagaye, ɗan acaba ya kafe mashin ɗinsa yana kallo, mai rake ya ajiye baro, yara sun yi layi a bayan raga suna jiran ƙwallo ta fita su tsinto. A irin wannan wuri wa za a ce wa ɗan leƙen asiri? Ga kuma iyaka da ba ta raba dangi ba. Mutanen Tsamiya da na Segbana a Jamhuriyar Benin suna cin kasuwa ɗaya, na Lolo da na Madekali suna auratayya, ana jin Hausa da Dandanci da Fulatanci a ɓangarorin biyu. Idan ɗan wasan gaba na wata ƙungiya ya gurɗe a ƙafa da yamma, kafin sallar isha'i labarin ya ƙetara.

To amma rashin shinge bai kashe maganar ba. Akwai bambanci tsakanin ganin abu da zuwa satar ganinsa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya ko da ta unguwa ce ya san wannan bambanci a zuciyarsa.

Wasa abu ne da aka baje a fili. Wanda ya sayi tikiti a filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi ya zauna da biro da takarda yana rubuta yadda Kebbi United ke kai hari, ko ya bi Kano Pillars zuwa filin Sani Abacha don ya karanci 'yan bayanta, aikinsa yake yi, kuma ya cancanci yabo. Atisayen jajibirin wasa kuwa wani abu ne daban. A nan koci ke fitar da mutum goma sha ɗaya da za su fara, a nan ake gane wanda ke ɗingishi ana ɓoyewa, a nan ake maimaita dabarar bugun kusurwa da bugun tazara, a nan mai tsaron gida ke sanin wanda zai buga fenariti da gefen da yake so. Dabarar kusurwa guda da aka yi mako ana gogewa tana mutuwa nan take idan abokin karawa ya gan ta sau ɗaya. Wanda ya laɓe ya ɗauki wannan ya kwashi gumin wasu ne ba da saninsu ba. Gidan Bahaushe ko da zana aka kewaye shi, mai wucewa yana iya hango tsakar gida ta kafa, amma mai mutunci ba ya tsayawa ya kafa ido. Zaure yake nufa ya yi sallama.

Mutanen wannan iyaka sun ga misalin sanin sirri ta halastacciyar hanya da idonsu. Gernot Rohr ya horar da Super Eagles daga 2016 zuwa ƙarshen 2021, sannan a 2023 ya karɓi tawagar Benin. Ya san 'yan wasan Najeriya ciki da bai, ya san mai saurin fushi da mai saurin gajiya. Ranar 10 ga Yuni, 2024, a Abidjan, Benin ta doke Najeriya da ci 2-1 a wasan neman gurbin Kofin Duniya: Raphael Onyedika ya fara ci, Jodel Dossou ya farke, Steve Mounié ya ƙara. Abin ya yi ciwo a wannan ɓangaren, amma ba wanda zai ce Rohr ya yi sata, domin ilimin da ya yi amfani da shi a bakin aiki ya same shi. Kuma sanin bai zame masa laya ba. A Oktoban 2025, a Uyo, Najeriya ta zura wa Benin 4-0, Victor Osimhen ya ci uku.

Masu kare leƙe suna cewa ai kowa na yi, kuma gaskiya ne an daɗe ana yi. Kafin Kofin Duniya na 2018 wani ma'aikacin tawagar Suwidin ya sami gida a kusa da sansanin Koriya ta Kudu a Ostiriya yana hangen atisayensu, har kocinsa Janne Andersson ya ba da haƙuri. Kocin Koriya, Shin Tae-yong, shi kuma ya riƙa musanya wa 'yan wasansa lambobin riga don ya rikita masu kallo. Yawan masu yin abu dai ba ya wanke shi. Da halal ne, da ba a buƙaci laɓewa a bayan itace ba.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne wanda ake aikawa. Koci ba ya zuwa da kansa, ƙaramin ma'aikaci yake turawa. A gasar Olamfik ta Faris, a Yulin 2024, an kama wani mai nazarin wasa na tawagar matan Kanada, Joseph Lombardi, yana shawagi da ƙaramin jirgi marar matuƙi a kan atisayen New Zealand a garin Saint-Étienne. Shi 'yan sandan Faransa suka tsare, shi aka yanke wa ɗaurin wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka. Daga baya FIFA ta zabtare wa Kanada maki shida, ta ci tarar kuɗin Suwizalan 200,000, ta dakatar da koci Bev Priestman da Lombardi da mataimakiya Jasmine Mander na shekara ɗaya. 'Yan wasan da suka ɗauko zinare a Tokyo, waɗanda ba su tuƙa jirgin kowa ba, suka wayi gari ana tambayar ingancin nasarorinsu.

A ƙasar Bagudo jirgin nan waya ce a hannun yaro. A ce masa ya hau mashin ya je garin su wane, ya tsaya kamar mai wucewa, ya ɗauko bidiyo ya turo ta WhatsApp. Wannan yaro an koya masa ƙarya tun kafin a koya masa tare ƙwallo. Hatsarin ma ya wuce nan. A ƙwallon ƙauye da na unguwa, baƙon da aka gani yana zagaya raga a jajibirin wasa ba a fara zarginsa da satar dabara, ana fara zarginsa da binne asiri ne, kuma irin wannan zargi da duka yake ƙarewa. Ga halin tsaro da yankunan iyaka ke ciki, inda kalmar infoma kaɗai ta isa ta jefa rai cikin haɗari. Babu kofin da ya kai a tura ɗan mutane wani gari ya riƙa ɗaukar hoto a ɓoye a irin wannan lokaci. Malamai kuma sun sha karantar da hanin da ke cikin Suratul Hujurati game da bin diddigin sirrin mutane, kuma filin ƙwallo bai fita daga cikin wannan hani ba.

Shi kansa Bielsa ba mutumin banza ba ne, abin da ya sa labarinsa ke da nauyi ke nan. A watan Afrilun 2019 Leeds ta ci Aston Villa ƙwallo alhali ɗan wasan Villa na kwance da rauni, sai ya umarci yaransa su buɗe hanya Villa ta farke. Wannan ya sa FIFA ta ba shi da ƙungiyarsa kyautar wasa mai tsafta ta wannan shekara. Mutum ɗaya, kaka ɗaya, ya yi abin tara ya kuma yi abin yabo. Tsoron faɗuwa kan kai mai gaskiya ma ga abin da bai dace da shi ba, shi ya sa ba a barin irin wannan al'amari ga zuciyar koci kaɗai. A watan Mayu kuma Derby ɗin nan ta je har Elland Road, gidan Leeds, ta ci 4-2, ta fitar da Leeds daga wasannin neman hawa Firimiya.

Saboda haka kira ga masu shirya gasa a Bagudo da Illo da Kaoje da Tsamiya, da takwarorinsu na ƙetaren iyaka: ku sa wannan magana cikin takardar sharuɗɗa tun ranar jefa ƙuri'a, kada ku jira sai an fasa wa wani kai. A rubuta cewa kwana biyu ko uku kafin wasa babu koci ko ɗan aikensa da zai je atisayen abokin karawa, babu ɗaukar bidiyo sai da izini, kuma idan aka kama, ƙungiya za a zabtare wa maki, ba yaron za a taɓa ba. Kociyoyi kuma, idan kuna son ganin atisayen maƙwabta don ƙaruwa, ku je da rana tsaka a lokacin da babu wasa tsakaninku, ku gaisa da mai filin, ku nemi izininsa.