Ranar Da Aka Ce "Ajin Kimiyya Ya Cika"

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, amma ina roƙon duk mai ɗa ko ƙane a sakandare ya daure ya kai ƙarshensa.

A lokacin rajistar JAMB da ta wuce, na raka 'yar ƙanwata cibiyar da ake cike fom. Tun tana firamare yarinyar nan ba ta da zance sai na aikin jinya, burinta ta riƙa karɓar haihuwa a asibitin garinmu. Kowa a gidan ya sani, har "Nas" ake kiranta. Mun sha layi tun hantsi. Da aka zo kanmu, saurayin da ke kan kwamfuta ya tambaye ta kwas ɗin da take so, ta faɗa masa da murnarta. Ya ce, to, Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji za ki rubuta. Sai ta yi shiru, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Kawu, ni fa ban taɓa shiga ajin Fizis ko Kemistiri ba."

A hanyarmu ta komawa gida na tambaye ta yadda aka yi haka. Ta ce makon farko da suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare, wani malami ya shigo da takarda a hannu, ya ce ajin kimiyya ya cika, daga wannan layi zuwa bango kowa ya ɗauki jakarsa ya koma ɗaya ajin. Ita da ƙawarta suna cikin waɗanda aka tura, sai ma ta ji daɗi. Shekara uku tana haddar Gwamnati da Tarihi, tana cin jarrabawa, tana gaya wa kowa nas za ta zama, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce mata hanyar da ta ɗauka ba ta ɓulla can. Ni ma ina cikin masu laifi. Na yi boko, kowane mako ina shiga gidan, ban taɓa cewa ta kawo littattafanta in duba ba. Abin nan yana ci mini rai har yau.

Mu da yawa muna ɗauka ranar cike fom ɗin jami'a yaro yake zaɓar makomarsa. Wallahi kafin ranar an riga an gama. Da an gama aji uku na ƙaramar sakandare ake yanke hukuncin, lokacin yaro yana da shekara 14 ko 15, ranar da aka raba su zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci. Daga ranar wasu ƙofofi sun rufe. Wanda bai yi Fizis da Kemistiri da Bayoloji ba, ba shi ba likitanci, ba shi ba haɗa magunguna, ba shi ba jinya. Mai son injiniyanci sai da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai son lauya, yawancin jami'o'i za su nemi kiredit ɗinsa a Adabin Turanci, alhali makarantu nawa ne a karkararmu suke da malamin wannan darasi? Sannan ga kiredit biyar da ake nema a WAEC ko NECO. Duk wannan a rubuce yake cikin kundin da hukumar JAMB take fitarwa, ba sirri ba ne. Amma yaran da suka fi bukatarsa, wato 'yan aji uku, ba su ma san akwai shi ba.

Idan na tuna yadda kakanninmu suka yi, sai in ga ba a taɓa barin yaro a duhu irin na yanzu ba. Ɗan maƙeri tun yana ƙarami yake zuga, yana kallon yadda ake sarrafa ƙarfe. Ɗan majemi ya san warin jima kafin ya san daɗin kuɗinta. Ɗan fatake yana bin ayari, ɗan malam yana gindin allo. Wanda sana'ar gidansu ba ta karɓe shi ba, ubansa zai kama hannunsa ya kai shi wurin wani ubangida, ya ce ga amana. Tsarin yana da takura, gaskiya ne, don ba kowane ɗan wanzami ne yake son aska ba. Amma yaro yana ganin aikin da idonsa, ya san wahalarsa da ribarsa, kuma akwai babba a tsaye a kansa. Da boko ya zo, sai ya buɗe sana'o'i ɗaruruwa waɗanda uba bai taɓa jin sunansu ba. Uban ya ce malamai sun fi shi sani, malamai kuma suka ce aikinsu koyar da darasi ne. Yaro ya faɗa tsakani.

Kuma ba wai gwamnati ba ta san da matsalar ba. A tarihin ilimin Nijeriya ana danganta farkon wannan aiki da shekarar 1959, a makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Ibadan, inda malamai suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi malaman ba da shawara a makarantu. Shi kansa tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980, hikimarsa ke nan: a yi shekara uku ana lura da yaro, a gane inda hannunsa da ƙwaƙwalwarsa suka fi karkata, sannan a nuna masa hanya. An shigo da injinan koyon sana'a, da yawansu suka lalace a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu mai koyarwa. A 2011 aka sake shigar da darussan sana'a har 34 cikin manhajar babbar sakandare. A takarda ba abin da aka rage.

To je ka makarantar gwamnati mafi kusa da kai ka tambayi ofishin malamin ba da shawara. In ka yi sa'a za a nuna maka ɗaki mai allo a ƙofa, a kulle. Malamin yana aji, an ɗora masa darasi biyu ko uku saboda ƙarancin malamai. Inda yake aiki kuma, an mayar da shi mai hukunta masu makara da masu faɗa, har yara suna jin tsoron a ce yana kiransu. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna yaye waɗanda suka karanci wannan fanni, amma da yawansu ba a ba su damar yin aikin da suka koya ba. Ban ɗora wa malamai laifi ba. Mutumin da yake fama da yara sama da ɗari a aji ɗaya, yaushe zai zauna da kowanne ya ji abin da ke ransa?

Mu a Arewa muna da shaidar cewa in aka yi niyya ana iyawa. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Aka riƙa zaƙulo yara masu basira ta hanyar jarrabawa, aka ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, aka gaya musu ƙarara inda aka dosa da su. Yau ka shiga manyan asibitocin Kano da Jigawa ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunayen nan biyu. Da yawansu yaran talakawa ne, daga ƙauyuka. Abin da aka yi musu shi ne an gano su da wuri.

Wani ciwon kuma shi ne ƙuncin abin da yaranmu suka sani. Tambayi 'yan aji shida su ashirin, za ka ji likita, lauya, injiniya, soja, shi ke nan. A 2024 kusan mutum miliyan 2 ne suka yi rajistar JAMB, kuma dubbai suna rububin kwasa-kwasai 'yan ƙalilan masu ƙarancin gurbi. Yaro ya yi shekara uku yana neman likitanci, bai san asibiti ba ya tafiya sai da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gwajin jini, da mai gashin ƙashi, da mai duba ido ba. Bai san a Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964 ba, inda ake koyar da gyaran jirgi da kula da zirga-zirgarsa. Bai san a Samaru akwai cibiyar koyar da fasahar sarrafa fata ba, mu da muka gaji jima da dukanci. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Makarantar Tsafta ta Kano, ga Foliteknik ta Kaduna. Ba wanda ya taɓa ambata masa su, in ma an ambata, to da sigar wurin da ake tura wanda ya faɗi.

Nan ne iyaye muke da namu kason. Akwai uban da ya rantse sai ɗansa ya zama likita don a riƙa kiransa baban dokta, alhali yaron jini ma ba ya son gani, amma ka ba shi rediyon da ya mutu, kafin la'asar ya tashe shi. Irin wannan yaro in aka kai shi kwalejin fasaha ya yi jarrabawar NABTEB, ko aka haɗa masa karatu da koyon aiki a Panteka ta Kaduna ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, zai riƙe kansa ya riƙe wasu. In aka tilasta shi, sai ya ƙare da takardar da ba ya so, ya zauna a majalisa yana jiran aikin gwamnati. 'Ya'ya mata kuwa abin ya fi tsanani. Muna kukan matanmu ba sa samun mata 'yan uwansu da za su duba su a asibiti, amma yarinyar da take son aikin muna barin a tura ta ajin da ba shi ba, don kawai benci ya ƙare.

'Yar ƙanwata yanzu tana zuwa darasin yamma, tana koyon Fizis da Kemistiri da Bayoloji daga tushe, don ta zauna jarrabawar 'yan waje. Aƙalla shekara guda ta tafi, ga kuɗin da uwarta ba ta shirya musu ba. Ita ta yi sa'a akwai mai biya. Ƙawayenta da dama daga nan karatun yake tsayawa.

Don haka ga roƙona. Yau ɗin nan, in kana da yaro a aji biyu ko uku na ƙaramar sakandare, kira shi ka tambaye shi me yake so ya zama, ka saurare shi, sannan ku buɗe kundin JAMB a waya ku duba darussan da ake bukata tare. In ba ka yi boko ba, nemi wanda ya yi a unguwa, matambayi ba ya ɓata. Ranar raba aji kuma ka je makarantar da ƙafarka.

Ku kuma ma'aikata da masu sana'a, nas da makaniki da akanta da mai haɗa sola da malamar jami'a, kowannenmu akwai makarantar da ta yaye shi. Ku yi magana da shugaban makarantar ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ku nemi awa ɗaya da 'yan aji uku, ku gaya musu yadda aikinku yake, da darussan da suka kai ku, da abin da ake samu, da wahalar da ke ciki. Ni na riga na nemi rana a tawa makarantar a zangon nan. Duk wanda zai iya zuwa tare da ni ya yi mini magana. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya nuna musu hanyar da za ta amfane su.