Shekarun da maganin tari ya shiga gidajenmu

A Bacirawar da na tashi, gonaki sun fi gidaje yawa. Jakuna kan kai itace birni su dawo da taki, damina kuwa in ta sauka babu yaron da ba ya riƙe fartanya. Abin maye da muka sani a lokacin bai wuce wiwi da sholishon masu faci ba, sai kuma gadagin da 'yan acaba ke sha. Masu yin wannan sanannu ne, ana nuna su da baki, iyaye na hana 'ya'yansu zama da su.

Tiramol ba ta wannan ƙofar ya shigo ba. A matsayin maganin gajiya ya zo. Lokacin nan ne aka fara yanka gonaki ana sayar da su awon igiya, samarin da suka saba huɗa da shema suka koma buga bulo, kwaɓa siminti da dakon buhuna a kasuwar Dawanau. Mai aikin jinga yana so ya gama na kwana biyu a yini ɗaya, sai abokin aikinsa ya miƙa masa ƙwaya ya ce, "Sha wannan, ba za ka ji rana ba." Gaskiya ne, ba ya jin ranar. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma mai 225 ake sayarwa a faranti, kusa da maganin ciwon kai. Kodin kuma ya bi ta cikin gida. Kwalbar maganin tari mai kodin ba ta da wari, ba ta da hayaƙi, ana juye ta cikin lemon kwalba, saboda haka har matan aure da 'yan mata ta kama ba tare da an lura ba.

Ɗan kawuna na cikin masu buga bulo. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, kowa cewa ya yi iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi turare. Da kawu ya gano ƙwayoyin a aljihunsa, abin da ya fara faɗa wa matarsa shi ne, "Kada maganar nan ta fita daga gidan nan." Ita kuma ta ce, "Malam, to wa zai ba shi 'yarsa in aka ji?" Kunya ce ta yanke hukunci, aka kai shi gidan mari. Ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawu, ya rame, yana gaida kowa da ladabi, kafin kaka ta zagayo ya koma ruwa.

Wani abokin aikinsa bai samu wannan damar ba. Ya haɗa kodin da ƙwayar barci ya kwanta, aka ji yana wani irin minshari mai nauyi, leɓɓansa sun yi duhu. Aka yayyafa masa ruwa, aka yi ƙoƙarin ɗura masa madara, daga baya aka ce a bar shi ya yi barci ƙwayar ta sake shi. Da asuba aka yi masa wanka. A wajen zaman makoki "ajali" kawai ake cewa, kuma ajalin ne, amma har yau wannan minsharin yana damuna. Kodin da tiramol dangi ɗaya ne, in sun yi yawa numfashi suke dannewa har ya tsaya. Mai irin wannan barcin a gefensa ake kwantar da shi, ba a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Akwai allurar da ake kira naloxone wadda ke dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan. Babu ko mutum ɗaya a layinmu da ya taɓa jin sunanta.

Sai da abin ya kai intaha sannan manya suka yi magana. A 2017 Majalisar Dattawa ta ce kwalabe miliyan 3 na kodin ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa, a Disambar shekarar kuma ta zo Kano ta yi taro a kan lamarin. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta wanda ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, washegari gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fitar a farkon 2019, ta ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, sama da miliyan ɗaya a jihar Kano, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A 2019 ɗin aka fasa gidajen mari a Rigasa da Daura, duniya ta ga abin da mu muka daɗe da sani.

Hanin kodin ya yi amfani, ba na musu. Kwalba ta yi tsada, masu kyamis suka shiga taitayinsu, NDLEA ta matsa. Sai dai wanda jikinsa ya riga ya saba, dokar ba ta cire masa ciwon gaɓoɓi, hamma, zawo da rashin barcin da ke kama shi in bai sha ba. Ya nemi wata ƙwayar. A 2025 wani binciken BBC ya nuna sabbin ƙwayoyi daga Indiya, irin su Tafrodol, sun maye gurbin tiramol a titunan Afirka ta Yamma.

Abin da ya taimaki ɗan kawuna yana nan kusa da mu tun farko, wato asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Sunan "gidan mahaukata" ne ya hana a kai shi tsawon shekaru. Inna, kakarmu, ita ta tsaya kai da fata ta ce da kawu, "Ɗan nan ciwo gare shi, ka kai shi inda ake maganin ciwo." Aka kwantar da shi, aka ba shi maganin da ya sauƙaƙa masa wahalar rabuwa da ƙwayar, aka riƙa zama da shi ana magana. Ya sake zamewa bayan an sallame shi, aka mayar da shi, wannan karon ba tare da duka ba. Yanzu adaidaita sahu yake ja, yana da iyali.

A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, daga baya kuma aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro. Abin da nake so in gani yanzu ƙarami ne a kan waɗannan: a ajiye naloxone a kowane ƙaramin asibiti na ƙaramar hukumar Ungogo, a koya wa ma'aikatan da masu kyamis amfani da ita, limamai da masu unguwanni kuma su riƙa faɗa wa iyaye mata cewa mai irin wancan minsharin ba a barinsa ya kwana a ɗaki.